Jan Layi a Taswirar Gwanzu

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya, wallahi. Mutum ya yi wata shida a Guangzhou, ya iya ce wa mai shago "lawban", wato maigida, ya sa taswira a waya, shi ke nan ya buga kati ya zama jagoran 'yan kasuwa. Jiya ma wani yake ce mini, "Ai Baba Sabo, aikin nan ba wuya, rakiya ce kawai." Rakiya! To ku gyara zama. Tambaya ɗaya zan yi muku, ita ce rabin sana'ar nan: garin da muke kira Gwanzu, a ina ya ƙare? Ni na taɓa ba da amsar da ba ita ba, saura ƙiris ta kashe wani dattijo a hannuna.

A 2001 na sauka garin nan, na rako wani kawuna saro kaya. Shi ya koma Kano, ni na maƙale. Wanda ya ɗauke ni aiki sunansa Malam Isuhu, mutumin Damagaram, karatun safiyo ya kawo shi ƙasar, ya gama ya ƙi komawa. Yana da ɗan ofis a benen Tianxiu, tebur ɗaya, kujera uku, sai wata ƙatuwar taswira da ya zana da hannunsa, duk ta sha salatif. 'Yan kasuwa suna sauka a wajensa, ya kai su inda ake yin abin da suke nema, ya haɗa musu kayan a sito guda har a loda.

Aikin farko da ya ba ni ba a kasuwa ba ne. Littafi ya miƙo mini da biro, da wani kwali da ya zana sunayen garuruwa a kai da rubutun Sinanci, tunda ni a lokacin ko alif ɗinsu ban sani ba.

"Tahi tashar bas," in ji shi, da Hausarsu ta can. "Daga hitowar rana har hantsi, duk motar da ta shigo, duba goshinta ka gane garin da ta hito. Ka rubuta cike take ko wayam."

Na yi mako uku ina wannan aiki. Ina tsaye da kwali kamar mai jiran baƙo, ina gwada zanen goshin mota da zanen hannuna, hayaƙi yana shiga mini ido. Na gama da wannan tasha ya tura ni wata. Ran da haƙurina ya ƙare na dire littafin a teburinsa na ce, "Malam, ni fa kasuwanci na zo koyo, ba kamasho ba." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce in jawo kujera.

"Kai Bakano ne. Fagge Kano ce?"

"Kano ce mana."

"Kumbotso fa? Ungogo fa?"

"Duk Kano ce."

"Amma kowace da ƙaramar hukumarta da shugabanta. Mi ya haɗa su?"

Na ce ban sani ba. Ya ce mutane ne suka haɗa su. Wanda ya kwana a Kumbotso da safe kasuwar Kwari ya nufa, da yamma ya koma gida ya ci tuwo. Nan ma haka abin yake, sai dai ya fi girma. Duk inda mutane suka taru da yawa har wurin ya samu babbar kasuwarsa ta sari da tashar manyan motocinsa, wannan shi yake kira uwa. Ƙananan garuruwa da gundumomin da ke kewaye su ne 'ya'ya. Kuma ba kusanci ne yake nuna ɗan wace uwa ce ba, a'a, inda mutanensa suke dosa da safe. Motocin da na yi ta ƙirgawa ke nan. Garin da motocinsa suke shigo Gwanzu a cike da sassafe, ɗan Gwanzu ne. Wanda motocinsa suke zuwa rabi da rabi da tsakar rana, da 'yan sari da jakunkuna, wannan baƙo ne, yana da uwarsa daban. A taswirarsa ya zagaye kowace uwa da 'ya'yanta da shuɗin biro: Gwanzu, Foshan, Dongguan, Zhongshan, kowace da da'irarta.

Kada ku ce ai gwamnati ta riga ta raba. Ta raba, amma nata rabon na ofis ne. Ana gab da zuwana aka mayar da Huadu gunduma a cikin Gwanzu, saboda haka Shiling, garin jakunkuna da ke ƙasar Huadu, a takarda cikin gari yake. Amma ka tashi daga Xiaobei, unguwar da ofishinmu yake, za ka taka ƙasar Foshan ka sha shayi ka dawo kafin wanda ya tafi Shiling ya isa. Jagoran da bai san wannan ba, sai ya haɗa wa mutum wurare uku a yini ɗaya don duk sunansu Gwanzu, rana ta faɗi suna kan titi ba a sayi ko allura ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Taswira, biro shuɗi, da gwangwanin biskit cike da katunan masana'antu, an ɗaure na kowace da'ira da roba. Katunan nan kuwa maƙaryata ne. Kowane mai masana'anta sai ya buga Guangzhou da manyan baƙaƙe, don ya san shi ne sunan da baƙi suka sani. Malam Isuhu ya koya mini in tsallake sunan in dubi lambar wayar ofis: in ta fara da 020 to Gwanzu ce, in 0757 Foshan, in 0769 Dongguan. Haka lambar mota: harafin A na Gwanzu ne, S na Dongguan, T na Zhongshan. Ko barci ka yi a mota ka farka, leƙa ka ga harafin da ya fi yawa a titi, ka san inda kake.

Akwai abu ɗaya a taswirar da ban ga amfaninsa ba. A kan kowace hanya ya rubuta yawan kilomita da ƙananan lambobi, kamar sawun tururuwa. Na ce masa 'yan kasuwa awa suke tambaya, ba kilomita ba. Ya ce, "Akwai masu tambaya." Bai ƙara ba, ni ma ban bi ba'asi ba.

A 2006 ya tattara ya koma gida, ya bar mini teburin da gwangwanin da taswirar. Ni kuma na ga ai na isa. Taswirar ta tsufa, sai na zana sabuwa a kan farar takarda mai kyau, na sa aka lulluɓe ta da leda. Abu biyu na canja. Na farko, na zubar da ƙananan lambobin nan. Na biyu, na ɗauki jan biro na zagaye da'irorin nan huɗu gaba ɗaya da layi guda, na rubuta GWANZU a sama. Ina da hujjata. An buɗe sababbin tituna, kuma duk kayan garuruwan nan a sitonmu na Gwanzu suke taruwa. Na daina ƙirga mutane, na koma ƙirga kwalaye. Amma gaskiyar magana, abin da ya sa na ja layin shi ne mutanenmu suna tsoron kalmar "wani gari". Ka ce wa Alhaji za a je wani gari, sai ya fara tambayar 'yan sanda da takardar masauki, ya ce a nema masa a nan kusa. Ka ce masa unguwa ce a gefen gari, sai ya riga ka shiga mota. Shekara biyu jan layin nan yana yi mini aiki lafiya lau.

Sai 2008 ta zo, shekarar da aka matse biza. Tabɗi! Benen Tianxiu da ba ka samun wurin tsayawa a lif, sai ga shi kana hawa kai kaɗai. Duk wanda ka tambaya ya ce "meyo", wato babu. Na yi wata biyu ban ga baƙo ko ɗaya ba, ina zaune ina jera katuna ina sake jerawa. A cikin wannan hali, azumi ya kama a watan Satumba, zafin garin nan kuwa kun san shi, iska kamar tururin tukunya. A makon farko na azumin Alhaji Hamisu ya sauka.

Dattijo ne mai kimanin shekara sittin da biyar, ɗan siriri, mai shago a Kano, yana neman kayan yara na Salla da fitilun caji. Yana da ciwon suga, ni da idona na ga ƙwayoyinsa a aljihun jaka. Mutum ne mai ƙa'ida a komai: abin da yake nasa ba ya bari, wanda ba nasa ba ba ya taɓawa. Kayan yaran da yake so a Humen suke, can ƙasar Dongguan, fitilun kuma a ƙasar Zhongshan. Na tsara mana kwana uku: mu je Humen mu kwana biyu, mu haye gada zuwa wajen fitilu, mu dawo. Wani jagora a hawa na ƙasa ya riga ya raɗa masa cewa zai samo masa komai ba tare da ya bar gari ba, kuma na san da maganar.

Ya sa tabarau ya duƙa a kan taswirata.

"Malam Sabo, wuraren nan da za mu, tafiya ce ko cikin gari ne?"

"Duk Gwanzu ce, Baba. Ga layi nan, kana gani."

"Ka tabbata? Ina tambaya ne saboda azumi da salla. Na yi niyyar zaman mako biyu a garin nan, to ni mazauni ne. Amma in fita za mu yi ta kai tafiyar ƙasaru, ni ba na mayar wa Allah kyautarsa. In sha, in rama a gida."

Kun ji fa. Mutumin nan ya faɗa mini dalilinsa ɓaro-ɓaro. Ni ba malami ba ne, amma na san malamanmu suna cewa tafiyar ƙasaru kimanin kilomita tamanin ce, na kuma san duk wuraren biyu sun kai haka daga inda muke zaune. A take na gane su wane ne "masu tambaya" da Malam Isuhu yake nufi. Amma na tuna jagoran hawan ƙasa, na tuna wata biyun da na yi ina jera katuna. Na ce a raina, ai azumi ba ya kisa, ni ma zan yi.

"Cikin gari ne, Baba. Girma ne kawai da garin."

"To shi ke nan," ya ce, ya cire tabarau.

Direbanmu wani Basine ne mai suna Cen, mun daɗe tare. Muka kama hanya da safe. Alhaji yana gaba, idonsa a kan taga, na san abin da yake nema: inda gine-gine za su yanke daji ya fara, kamar in ka wuce Na'ibawa. Ina! A ƙasar nan gini ba ya yankewa. Ko an ga ɗan filin ayaba ko kududdufin kifi, kafin ka gyara zama masana'anta ta sake tasowa. Bayan awa biyu ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah, gari sai ka ce ƙasa." Harafin motoci ya daɗe da komawa S, ni kaɗai na sani. Da azahar ya ja salla raka'a huɗu cif a bayan wani sito, na bi shi.

Ranar farko ya jure. Rana ta biyu muka shiga masana'antu biyar, kowace sai an hau bene, ɗakunan ɗinki kuma zafin injin da na guga ya haɗu da na gari. Alhaji ba ya sayen riga sai ya juya cikinta ya ja ɗinkin da hannu. Wajen la'asar na ga ya zauna a kan dila, leɓensa ya bushe ya yi fari, hular ta jiƙe har ta canja launi.

"Baba, ko za ka sha ruwa? Ai mara lafiya yana da uzuri."

"Wa ya ce maka ba ni da lafiya? Shekara goma sha biyu ina azumi da sugan nan, ko ɗaya ban sha ba." Ya numfasa. "Da dai matafiyi ne ni, da tun jiya ban ɗauka ba. To ina cikin gari."

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Sai na lissafa: saura yini ɗaya, gobe war haka muna hanyar gida, in na faɗa yanzu na zama maƙaryaci a banza. Na haɗiye. Na je na sayo masa ayaba da madara na buɗa-baki, wai ni mai kula.

Rana ta uku muka haye gada zuwa wajen masu fitilu. Da sahur ɗan burodi kawai ya iya ci, ya sha ƙwayarsa kamar kullum. Wurin da za mu duba samfur a hawa na huɗu yake, babu lif, ɗakin kuma fitilu ɗari-ɗari a kunne, zafi kamar gidan burodi. Ana cikin nuna masa wata fitila mai rediyo, sai na ga hannunsa yana rawa. Fitilar ta suɓuce. Ya ce "Malam Sabo" amma harshen ya yi nauyi, gumi yana zuba kamar an kwara masa ruwa, ya sulale a jikin kanta.

Matar mai wurin ta ƙwalla ƙara. Cen, da yake mahaifiyarsa tana da irin ciwon, ya gane nan take sugan ne ya faɗi. Ya sauka a guje ya dawo da lemon kwalba mai zaƙi. Na tallafo kan Alhaji na kai masa baki. Wallahi dattijon nan, ido rabi a rufe, ya datse haƙora ya kawar da kai.

"Saura... awa nawa?"

"Baba, ka sha, don Allah ka sha!"

"Ina... cikin gari."

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na zazzage jakata a ƙasa. Tsohuwar taswirar Malam Isuhu tana ƙasan gwangwani a ninke, ban taɓa yar da ita ba. Na warware ta a gaban fuskarsa, na ɗora yatsa a kan shuɗiyar da'ira.

"Baba, ƙarya na yi maka. Ga Gwanzu nan, ga inda muke. Dubi lambar, dubi kilomita. Wannan garin Zhongshan ne, wancan da muka kwana Dongguan ne. Tun shekaranjiya da hantsi muka bar gari. Kai matafiyi ne, Baba, kwana uku ke nan kai matafiyi ne!"

Ya buɗe ido ya dubi takardar, ya daɗe yana kallon ƙananan lambobin nan. Sannan ya dube ni. Sannan ya buɗe baki. Ya sha rabin kwalbar, muka kinkime shi ni da Cen zuwa mota, sai asibiti mafi kusa. Likitan ya ce da mun ƙara jinkiri kaɗan da labarin ya canja.

Washegari da hantsi na same shi zaune a bakin gado, an cire masa ƙarin ruwa. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ina kawo zancen biza da rashin baƙi. Ya ɗaga mini hannu.

"Malam Sabo, da ka ce mini wani gari ne, da na bi ka. Kaya na zo saye, ba zama ba. Allah ya aiko mini da sauƙi har kwana uku, kai kuma ka tsaya a hanya ka karɓe. Me ka yi da shi?"

Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai.

Bai fasa cinikin ba, don ba ya barin aiki a rabi. Muka gama, aka loda kayansa, ya sallame ni yadda muka yi alkawari. Abu ɗaya ya roƙa, tsohuwar taswirar, na kuwa ba shi. Tawa mai leda na sa almakashi na yanka ta. Bayan Salla na ɗauki littafi da biro na koma tashar bas, ni da nake da ofis da kati, na yi wata guda ina ƙirga motoci daga fitowar rana zuwa hantsi, don garuruwan sun motsa tun bayan ƙirgar farko. Na zana sabuwa da shuɗin biro, na bi kowace hanya da Cen muna duba mitar mota, na mayar da lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ita ce wannan da ke bayanku a bango. Shi ya sa har gobe, duk wanda ya shiga motata, kafin a tayar nake gaya masa sunan garin da za mu da nisansa, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Wasu har haushi suke ji.

Da shekara ta zagayo na gamu da Alhaji Hamisu a lif ɗin Tianxiu. Ya ƙara ramewa, amma garau yake. Yana tare da jagoran nan na hawan ƙasa, za su hau masaukin Alhajin can sama. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, ya tambayi Cen. Jagoran yana ta zuba, yana ce masa gobe za su leƙa wata masana'anta, nan kusa ce, bayan gari kaɗan. Alhaji ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro wata takarda da ta sha salatif, ya sa tabarau, ya warware ta a jikin bangon lif.

"Nuna mini a nan," ya ce masa. "Kilomita nawa?"

Lif ya tsaya a hawana. Na fita, ƙofa ta rufe a kansu.